Kibiyar da Ta Huda Tankin Madam

Ɗazu wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya sauke bakan da ke rataye a rumfar nan, ya ja tsirkiya da yatsu biyu ya saki babu kibiya, ya ce wai wannan ai ko matarsa za ta iya. Na dai ga yadda tsirkiyar ta zane masa hannu, ya yi maza ya cusa shi a aljihu yana murmushin ƙarfin hali. Tunda ruwan sama ya tsare ku, okadar ma, acaɓar da kuke yi, ba fasinja, ku gyara zama ku ji abin da ke cikin wannan sandar da kuke rainawa. Ni ne Garba Mai Baka. Shekara ashirin da wani abu na yi a nan Agege ina ɗaura baka ina koya wa masu gadi harbi. Kafin a fara ba mai gadi usur da yunifom, kwari da baka ne darajarsa a Ikko.

Harbin farko da na yi a rayuwata a bayan garinmu ne, can ƙasar Gumel, a hannun wani tsohon maharbi, Baba Nomau. Mutum ne marar yawan magana, har ka rasa ko haushinka yake ji. Ya rataya tsohuwar ƙwarya a jikin kuka, ya auna taku ashirin, ya ja layi biyu a ƙasa da sandarsa, ya ce in ɗora ƙafafuna a kai. Ya ɗan doki gwiwata, ya tura kafaɗata, ya ɗaga min haɓa da ɗan yatsa. Sai ya miƙo min kibiya biyar, ya tafi gindin tsamiya, ya zauna ya ba ni baya, ya jawo rama yana tufka igiya. Haka ya yi min rani biyu cur. Ko sau ɗaya bai taɓa kallona ina harbi ba. In na gama sai ya taso, ya dubi ƙwaryar, ya dubi sawuna a ƙasa, ya ce, "Ka zuba nauyi a diddige," ko kuma, "Ta uku ka riƙe numfashi ya yi yawa," ya koma kan igiyarsa. Abin ya ci min rai ƙwarai. Ina yi wa tsoho noma da damina, shi kuma yana ba ni ilimi da ƙeya! Na rantse a raina in har Allah ya sa na zama mai koyarwa, a kafaɗar ɗalibina zan tsaya, ba zan matsa ko nan da can ba. Kuma na cika rantsuwata.

Baka goma sha biyu na fara ɗaurawa da na zo garin nan, duk da tsirkiyar fata kamar yadda ake yi a gida, na sayar wa masu gadin Ikeja da rani. Damina na sauka sai ga su sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Wani Bazabarme ya jefa min nasa a gaba ya ce, "Malam, baka na saya ko taliya?" Fatar ta sha danshi ta saki, ko kaza ba za ka harbe da ita ba. Ni ban san iskar Ikko rabinta ruwa ba ce. Daga nan na tafi Ebute Metta wajen masu sayar wa masunta kaya, na sayo zaren lailon, na koyi murɗa shi riɓi shida in shafe da kakin zuma. Gora kuwa daga Arewa take zuwa, a saman motocin albasa da ke sauke kaya a Ketu. In ta iso sai in gasa ta kaɗan-kaɗan in miƙar, in shafa mata man kaɗe, in jingine ta a inuwa wata guda. Kyauron da ake yin jikin kibiya da shi ma a motocin yake zuwa. Bakin ƙarfen, wani maƙeri ne a gefen layin dogo yake buga min da ƙusa 'yar inci shida. Dafi kuwa ban taɓa sa wa kowa ba. Baƙin tukunya nake kwaɓawa da ƙaro in shafa a tsinin ya yi baƙi ƙirin. Ɓarawon Ikko ya fi tsoron wannan baƙin a kan bindiga, don ya ji labarin ko ƙwarzane ta yi maka ba za ka kai asibiti ba. Mu kuwa ba mu taɓa ƙaryata labarin ba.

Amma ɗaurin baka kowa zai iya koya a wata uku. Tsayuwa ita ce sana'ar. A filin nan na bayan layin dogo, kusa da kasuwar shanu, nake rataya buhun garin katako, in zana da'ira da gawayi kamar faɗin faifai. Mutum ya zo yana zumuɗin ja da saki, ni kuwa kwana uku ba na ba shi kibiya. Ka juya wa buhu gefenka, kafaɗar hagu ta dube shi. Ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗunka, nauyinka ya rabu biyu, kada ya taru a diddige. Bayanka a miƙe. Kanka ka juya shi kawai, kada ka sunkuyar, domin inda kai ya karkata nan kibiya za ta bi. Ka ja tsirkiya zuwa gefen bakinka, wuri ɗaya kullum, ba yau kunne gobe haɓa ba. Ka shaƙi iska, ka saki rabi, ka riƙe rabi. Kada ka fizge hannu, yatsun kawai za ka buɗe. Sannan ka tsaya yadda kake har sai ka ji ƙarar saukarta. Kibiyarmu ba ta da gashi a gindi da zai gyara mata hanya a sama, kuskuren da ka ɗora mata shi za ta kai maka har buhu. Duk wannan ina faɗa ne ina tsaye a kafaɗar mutum, ina tura nan, ina doke can, ina tsawa. An san ni da tsawa, ba na musu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, mun yi murna kamar kowa. Ba a rufa wata shida ba rikici ya ɓarke tsakanin mutanenmu da 'yan gari a kasuwar Ketu, ya bar mana tsoro a gari. Mutanenmu da yawa suka hau motocin albasa suka koma gida. Wanda ya rage kuwa ba ya yarda a gan shi da baka a hanya, don sai an tsare shi an sha masa kai da tambayoyi. Masu gidaje suka fara sallamar masu gadinsu suna ɗauko kamfanoni, yara da yunifom da usur da oba-oba ta kiran juna. Gorar da na saro ta bushe a jingine ba mai tambaya. Na koma gyaran lema da ɗaura tarkon ɓera, ni da nake koya wa maza harbi. Shekara guda da rabi filin nan ciyawa ta cinye shi. Abin da ya rage min a duk Ikeja layi ɗaya ne, wani layi mai get a bakinsa, gidaje kamar ashirin, masu gadi bakwai. Shugabansu Haruna Dogo, ɗalibina ne tun yana saurayi. Muddin mutum bakwai ɗin nan suna riƙe da baka, ina iya cewa sana'ata tana numfashi.

Wata Talata da hantsi sai ga Haruna a rumfar nan, ko zama bai yi ba.

"Baba, an yi ɓarna."

"An kashe mutum?"

"Da sauƙi. Tanki aka harbe."

Ga yadda aka yi. A cikin su bakwai akwai sabo, Isufu, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, magidanci mai kimanin shekara arba'in, wanda ya daɗe yana ga-ruwa kafin a sama masa gadin. Shi kaɗai ne bai taɓa zuwa hannuna ba. Shugaban masu gidajen layin wani tsohon soja ne, Bayarabe, kowa Manjo yake ce masa, ya yi zama a Zariya yana jin Hausar bariki. Ran Litinin da la'asar Manjo ya fito shan iska, ya hangi gafiya ƙatuwa tana tafiya a kan katanga, ya kira Isufu ya ce, "Kai, maigadi, harbe wannan abu mu gani." Isufu ya ja ya saki. Gafiya ta yi tafiyarta lafiya lau. Kibiya ta haura katanga ta shige cikin baƙin tankin roba na wata attajira da ake kira Madam, ruwa ya dinga tsiyaya a kan motarta. Haruna ya ce har bakin titi ana jin muryarta: "Na my tank be thief? Abeg, na my tank be thief?" Wai tankinta ne ɓarawon?

Mai faci ya liƙe tankin a ranar, amma maganar ba ta liƙu ba. Da ma Madam ta daɗe tana son a kawo kamfani. Masu gidaje suka zauna, suka yanke cewa ran Asabar ta sama duk su bakwai za su yi harbi a gaban kowa, kibiya uku-uku, taku ashirin da biyar. In ɗaya ya kasa, duka su tafi. Na ce wa Haruna ai da sauƙi, a ce Isufu ya yi tafiya. Ya ce Manjo ya riga ya toshe nan, ya ce wanda ya harbi tanki shi ne ma dole. Wato abincin gida bakwai, da ragowar sana'ata, duk sun rataya a hannun mutumin da ya nufi gafiya ya sami tanki. Kwana goma sha ɗaya gare mu.

Washegari bayan sun tashi daga aiki suka same ni a fili, muka sassabe ciyawa muka rataya buhu. Shida ɗin ba su da matsala, tsatsa ce kawai, kwana biyu ta goge. Isufu kuwa, ina! Mutum ne dogo, mai ƙarfin hannu, ga ladabi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Na tsaya a kafaɗarsa yadda na saba. Na gyara masa ƙafa, ta gyaru. Na ce ya ja, ya ja har gefen baki, daidai. Amma kafin ya saki sai in ga baya ya lanƙwashe, kafaɗa ta zube, wuya ya karye gaba. Kibiya ɗaya ta tafi ciyawa, ɗaya ta haura buhu, ɗaya ta kusa samun akuyar mutane. Na ce miƙe! Ya miƙe na numfashi ɗaya ya koma. Na yi tsawa, ya ƙara lanƙwashewa. Na canja masa baka. Na rufe masa ido ɗaya da tsumma ko idon ne. Na ce ko ɗaukar garwa ce ta karya masa baya, na sa shi ya jingina da bango, na ga bayansa a miƙe yake sambal. Kwana biyar muna abu ɗaya, muryata har ta dushe.

Na ja Haruna gefe na ce, "Wannan ba zai iya ba. Akwai mutanen da Allah bai yi su don baka ba, na sha korar irinsu a filin nan. Ku fara neman wani aikin."

Ya ce, "Baba, wallahi mutanen garinsu sun ce zabi yake harbowa a daji."

"Zabin da aka ɗaure masa a turke ko?"

Haruna bai yi dariya ba. 'Ya'yansa biyar, kuma a ɗakin gadin nan yake kwana. Ni ma da na koma gida tuwon ranar bai shiga ba.

Rana ta shida na makara. Maƙwabcina ya yi suna da safe, sai da aka shafa fatiha aka raba goro na kamo hanya, kuma na biyo ta wajen kasuwar shanu maimakon hanyar da na saba. Tun kafin in hango filin na ji ƙara: tsuk. Wanda ya yi shekaru a sana'ar nan ya san bambancin kibiyar da ta shiga tsakiyar buhu, inda garin katako ya danƙare, da wadda ta kama gefe. Wannan ta tsakiya ce. Na sake ji: tsuk. Na ce a raina Haruna ne. Na raɓe a bayan wata tirelar shanu na leƙa. Ba Haruna ba ne, su sun gaji da jirana sun tafi wajen mai shayi. Isufu ne shi kaɗai a fili. Yana tsaye a miƙe, ƙirji a buɗe, kai a sama, irin tsayuwar da nake kwana uku ina nema a jikin mutum. Ya ja, ya riƙe rabin numfashi, ya buɗe yatsu, bai motsa ba har ta sauka. Kibiya biyar, duk a cikin da'ira, tafin hannu ɗaya zai rufe su.

Na fito na yi sallama. Yana jin muryata ya yar da takalmi ya durƙusa.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Lafiya lau. Tashi ka sake min irin waɗannan."

Ya ciro kibiyoyin ya dawo kan layi, na tsaya a kafaɗarsa. A gaban idona mutumin ya narke. Ya taso daga gaisuwar, amma bai gama tasowa ba. Wuya ya sauka, kafaɗa ta rusuna ta ɓangaren da nake, idonsa rabi a buhu rabi a ƙafafuna. Ya saki, ta tafi ciyawa. Na juya na taka har bayan tirela, na ɗaga murya na ce ya harba. Tsuk. Na dawo na tsaya kusa da shi. Ciyawa. Sau uku na yi wannan zirga-zirga, har su Haruna suka dawo da kofunan shayi a hannu suka tsaya suna kallon ikon Allah.

Na ce, "Isufu, me ya sa in ina nan ba ka miƙewa?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, ƙaƙa za ni banƙare ƙirji gaban babba, in ɗaga wuya awa raƙumi? Ba hakanan anka tashe mu ba. Ni ban ma san ina yi ba, jikina ne ka yi da kainai."

"Ranar tanki fa?"

"Ai Manjo na tsaye nan dab da ni, Baba. Kuma da hulatai."

Su Haruna suka fashe da dariya har shayi ya zube. Ni ma na yi, amma tawa ba ta yi nisa ba, don na tuna ran Asabar ba ni kaɗai zan kasance ba. Manjo zai zo, Madam za ta zo, duk manyan layin za su jeru a kujeru taku biyar daga inda zai tsaya. Mutumin da tsoho mai gyaran lema ya lanƙwasa shi haka, ina ga masu motoci?

Kwana biyu na ɓata ina ƙoƙarin cire masa ladabi. Na ce ya ɗauka ba kowa a wurin. Ya ce to, jikinsa ya ce a'a. Na aro babbar riga da kujera na zauna ina hura hanci don ya saba, abin ya ƙara lalacewa, kibiya ta tafi wajen shanu sai da muka ba Bafulatanin da ke da su haƙuri. Na zage shi ko zai yi fushi ya miƙe, ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baba." Abin da uwa da uba suka gina shekara arba'in ba ni zan rushe shi a mako guda ba.

Ran Laraba da ya zo gaishe ni, ina zaune a kan dutse na rasa abin yi, sai na tsaya na kalli gaisuwar da kyau. Gwiwar dama a ƙasa, ƙafar hagu a gaba a kafe. Bayansa a miƙe, kafaɗunsa a daidai, yana ma iya ɗago kai ya dube ni. Ashe in ya riga ya sauka ƙasa da babba, ya biya abin da jikinsa ke nema, ba sauran abin rusunawa. Na ce, "Kada ka tashi." Na juya shi gefensa ya dubi buhu, na miƙa masa baka a nan inda yake, na miƙe na tsaya a kansa har inuwata ta rufe shi. Ya ja, sai gindin bakan ya tokari ƙasa. Na ce ya ɗan kwantar da shi gefe. Ya saki. Ta kama gefen buhu. Gefe ne, amma buhu ne, kuma ina tsaye a wurin.

A ranar na ɗauko gora mafi kyau a cikin waɗanda suka shekara a jingine, na rage mata tsawo kamar taƙi guda, na ƙara mata kauri a tsakiya don kada ƙarfin ya ragu, na murɗa sabuwar tsirkiya. Alhamis da Juma'a muka yi ta gyaran durƙuso. Kada ka zauna a kan diddige, ka tashi a kan gwiwa. Tafin ƙafar hagu ya kwanta duka. Kada gwiwar hannu ta jingina da cinya. Na tara masa duk dattawan da na samu a kasuwar shanu suka tsaya a kansa da rawunansu. A cikin biyar yana sa huɗu. Na ce Allah ya sa ta ɓatan ba ran Asabar za ta fito ba.

Ran Asabar da ƙarfe tara aka jera kujerun roba a ƙarshen layin, aka rataya buhuna a jikin wata katanga da ba tanki a bayanta. Manjo ya auna taku ashirin da biyar da kansa, irin takun soja, wanda ya fi nawa tsawo. Madam na zaune ƙarƙashin lema, kusa da ita wani mutumin kamfani da yunifom da fayil a cinya. Haruna ya fara, uku a ciki. Sauran biyar suka bi, wani biyu a ciki ɗaya a baki, ba dai wanda ya bar buhu. Sai aka kira Isufu.

Ya tuɓe takalmi, ya zo kan layi, ya durƙusa. Wurin ya ɗauki dariya. A wajen Yarabawa mace ce ke durƙusa wa babba, namiji kwanciya yake yi. Madam ta ce, "See am, e don dey beg!" Wai ya fara roƙo tun ba a je ko'ina ba. Na ga kunnen Isufu ya motsa, na ga wuyan ya fara sauka.

Manjo ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru. Wannan zama na san shi, mu ma haka muna harbi a soja. Maigadi, ci gaba."

Ina tsaye a kafaɗarsa kamar kullum. Sai na ga ba abin da zan iya ƙara masa, abu ɗaya kawai zan iya rage masa, wato ni. Manya goma sha biyar sun ishe shi, ba sai na zama na sha shida ba. Na juya na taka zuwa wajen get, na tsuguna na ba su baya. Na laluba aljihu na ji ragowar zaren lailon, na ciro na fara murɗawa a cinya.

Tsuk.

Ta ɗan kama gefen da'ira, na ji a sautin, ya saki da wuri. Na ci gaba da murɗa zare, kunnena duk yana baya.

Tsuk.

Tsakiya. Sai shiru ya yi tsawo, na ce a raina ya riƙe numfashi ya yi yawa, saki, bawan Allah, saki.

Tsuk.

Ban juya ba sai da na ji Haruna ya yi kabbara. Na dubi hannuna, ga igiya na tufka kusan kamu guda ban sani ba. Na dubi yadda nake tsugune, ƙeyata ga mai harbi. A nan bakin get ɗin mutane, ina da furfura a gemu, na gane abin da Baba Nomau yake yi a gindin tsamiya. Ashe kowace kibiya tawa yana jin ta. Ya san yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai miƙe a gabansa ba, shi ya sa ya kawar min da idonsa ya bar min kunnensa. Ya rasu da daɗewa, ban taɓa ce masa na gode da wannan ba, sai ma ƙorafi da na yi ta yi da shi a wajen mutane.

Da na iso, na zauna a bakin kwata. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya, irin wanda rabona da shi tun kafin rikicin Ketu. Mutumin kamfani ya rufe fayil ɗinsa. Madam ta taso har gaban buhu ta duba da kanta, ta juyo ta ce to in ya iya haka, me ya kai shi tankinta? Manjo ya maimaita min da Hausa. Na ce, "Ranka ya daɗe, girmanka ne ya huda tankin. Da ka matsa baya, da gafiya ce ta mutu." Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari, ya fassara musu, Madam ma ta yi da ta gaji da ɗaure fuska. Isufu yana durƙushe har lokacin, ba wanda ya tuna ya ce masa ya tashi. Manjo ya dafa kan Isufu ya ce daga yau in ya ga ɓarawo kada ya gaishe shi. Isufu ya ce, "Ɓarawo ai ba babba ba ne, Manjo."

Su bakwai ɗin sun ci gaba da aikinsu, kuma daga layin nan labari ya bazu, wasu layuka biyu suka aiko min da mutanensu. Na ajiye gyaran lema. Abin da ban iya gyarawa ba shi ne waɗanda na kora a baya. Na zauna na tuno fuskokinsu, waɗanda na ce Allah bai yi su don baka ba, sai na ga yawancinsu masu tuɓe takalmi ne tun daga nesa. Fitsararrun su ne suke saurin iyawa a hannuna, ni kuwa ina ta yabon kaina.

Ruwan ya tsagaita. Kai mai hannu a aljihu, fito da shi, kowa ya riga ya gani. Ga baka, ga kibiya biyar, ga buhu can a jikin katanga. Zo in ja maka layi a ƙasa. Na san kai ba ladabi ne zai lanƙwasa ka ba, tunda ka shigo rumfar nan ko gaisuwar kirki ba ka yi min ba. Duk da haka zan ba ka baya. Ku miƙo min zaren can.